Wayar Ofis A Gida: Ina Gizo Ke Saƙa?

Tun 2020, sa'ad da annobar korona ta zaunar da ma'aikata a gida, wayar ofis ta bi da yawansu har ɗaki. Irin wannan waya ta intanet take bi, a daddatsa murya gutsi-gutsi a aika. In gutsattsarin suka ɓace a hanya sai magana ta yanke, mai ciniki kuwa ya nufi wani kamfani.

To, kafin ma'aikaci ya zargi kamfanin sadarwa, sai ya dubi agogo. Idan kullum kira yana yankewa bayan kamar daƙiƙa 30, galibi laifin na'urar rarraba intanet ta gidan ne. Kashe wani saitinta mai suna SIP ALG yakan yi magani. Idan kuwa sai yara sun taso makaranta suna kallon bidiyo, hanya ce ta cushe, alhali kira ɗaya kimanin kilobit 100 a daƙiƙa yake bukata. A ba wayar fifiko, a haɗa ta da kebul maimakon Wi-Fi. In ɗauke wuta ne, ƙaramin batir ya wadatar.

Duk wanda ya rubuta lokacin da kowane kira ya yanke, ya sauƙaƙa wa injiniya aiki, ya kuma tsare abincinsa.