Birtaniya: Fargabar iyayen masu buƙata ta musamman bayan taƙaddamar tallafin PIP

Gwamnatin Keir Starmer ta ja da baya kan shirin tsaurara tallafin naƙasassu da ake kira PIP, amma hankalin iyayen da ke jinyar 'ya'yansu a gida bai kwanta ba.

A watan Maris na 2025 ne gwamnatin ta gabatar da shirin rage kusan fam biliyan 5 a shekara daga kuɗin walwala. Jigon shirin shi ne sauya ƙa'idar maki. A tsarin da ake kai, ana duba ayyukan yau da kullum kamar wanka, sa tufafi da dafa abinci, wanda ya tara maki 8 ya cancanta. Sabuwar ƙa'idar ta ce sai an samu aƙalla maki 4 a aiki guda. Ke nan matashin da sai an tuna masa ya yi wanka, an tuna masa ya sa kaya, an tuna masa ya yi girki, zai iya tara maki bibbiyu masu yawa kuma ya tashi a tutar babu.

A nan ne abin ya shafi uwa kai tsaye. Alawus ɗin mai jinya, fam 83.30 a mako a 2025, yana rataye ne da tallafin wanda ake jinyar: idan na ɗan ya faɗi, nata ma ya bi shi. Ƙiyasin gwamnatin da kanta ya nuna mutum 800,000 za su rasa tallafin, masu jinya 150,000 kuma su rasa nasu. Alawus ɗin ma bai taka kara ya karya ba, domin sharaɗinsa jinyar aƙalla awa 35 a mako, wato ƙasa da fam biyu da rabi kowace awa, alhali mafi ƙarancin albashi ya haura fam 12.

'Yan majalisar Labour fiye da 120 sun yi wa shirin bore. Ranar 1 ga Yuli 2025, ana dab da kaɗa ƙuri'a, gwamnati ta cire sashen PIP, ta miƙa batun ga minista Stephen Timms ya yi nazari zuwa ƙarshen 2026. Jinkiri ne, ba sokewa ba.

Abin da ya tsallake kuwa shi ne rage ƙarin kuɗin rashin lafiya na Universal Credit ga sababbin masu nema, daga fam 97 zuwa 50 a mako daga Afrilun 2026, ban da masu larura mai tsanani ta har abada. Kalmar "sababbi" ce ke tayar wa iyaye hankali. A Ingila da Wales, yaro yana karɓar tallafin yara ne har ya cika shekara 16, sannan a tantance shi daga farko don PIP. Yaran da ke 13 ko 14 a yau za su iso ƙofar ne bayan Timms ya miƙa rahotonsa.