Ranar da Dillaliya ta Yi wa Gidana Kuɗi

A wannan mako zan ajiye maganar 'yan siyasa a gefe, in shigar da ku gidana, domin abin da ya same ni a tsakar gida a watan jiya ya fi tsaya mini a rai fiye da duk abin da na karanta a kanun labarai.

Daminar bana ta bar mana tabo. Rufin ɗakin uwargida ya yi yoyo ta kusurwa guda, ruwa ya bi bango ya kumbura fenti, har ya riƙa saɓulewa kamar ɓawon rogo. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, sai na kira magini da mai fenti. Suka duba, suka yi lissafin siminti da fenti da kuɗin aiki, suka faɗi adadin da ya sa na nemi kujera na zauna. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu abin da ya tsaya a farashinsa na da, amma mutum ba ya gane haka sosai sai ranar da ya tashi gyaran bango. Sharaɗinsu ɗaya ne, a fitar da komai daga ɗakuna biyu: nata, da wanda nake kira ɗakin karatu.

Wanda bai taɓa fito da kayan gidansa rana ba, bai san abin da ya mallaka ba. Ga gadon ƙarfe mai rumfa da aka kwance shekaru da dama aka jingine a bayan ƙofa. Ga janareto da ya daɗe da mutuwa, kullum ina cewa zan kai shi gyara. Ga talabijin mai ƙatuwar ƙeya, ga rediyo mai cin kaset, ga fanka da ta rasa fiffike ɗaya, ga keken yaron da yanzu yake jami'a. A ɓangaren uwargida akwai kuloli, da setin tangaran da ko kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba, sai kuma jeren kwalla da langa da fanteka da ta zo da su ranar da aka kawo ta, wasu ma gadonsu ta yi daga mahaifiyarta. A ɓangarena kuwa kwalaye goma sha ɗaya ne na littattafai da tsofaffin jaridu.

Na tsaya ina kallon jeren nata yana ƙyalli a rana, lissafin mai fenti yana yi mini yawo a ka. Sai na ce, "Wai yaushe rabon da a zuba wa kwallar nan abinci? Da an kira dillaliya ta kwashe su, ai da kuɗin fenti ya fito." Ta ɗan jima ba ta tanka ba, tana goge murfin wata langa da gefen zanenta. Can ta ce, "To Malam, a kira ta. Amma in ta zo, har kwalayen can za ta taya." Na amince da sauri, domin a zuciyata na tabbata ilimi ba zai kunyata a gaban kwano ba.

Dillaliyar unguwarmu dattijuwa ce da ta shafe shekaru tana shiga gida-gida da ƙunshi a ka. Ta san wadda za ta aurar da 'ya, ta san wadda buƙata ta taso wa, tana ɗaukar kayan wannan ta kai wa waccan, ta ci la'adarta, ba kuma a taɓa jin sirrin wani gida a bakinta ba. Matan da ba su fita kasuwa, ita ce kasuwarsu. Ta zo bayan la'asar, ta zauna a tabarma, aka gaisa, ta ja kwalla ɗaya gabanta. Ta ƙwanƙwasa ta da zobenta ta saurari ƙarar, ta kifa ta ta duba gindin ko tsatsa ta ci, ta gwada murfin ta ga ya zauna daram. Ta ce, "Wannan ta da ce, mai nauyi. Yanzu ba a samun irinta." Ta taya. Uwargida ta ce albarka. Ta ƙara, aka sake cewa albarka. Ni da nake gefe, kuɗin da aka ƙi sallamawa a kan kwalla ɗaya ya ba ni mamaki.

Daga nan na nuna mata kabad ɗin da na saya da tsada 'yan shekarun baya, irin na garin katako da ake matsewa da gam a lulluɓe shi da abu mai sheƙi. Danshin bango ya shige shi, ƙasansa ya kumbura yana marmashewa. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ko kyauta aka ba ni, sai an haɗa mini da kuɗin dako." Na haɗiye, na jawo kwalin farko na buɗe, na ce, "Iya, ga littattafai." Ta leƙa, ta ɗaga guda ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta ce, "Ɗan nan, ni ba na dillancin takarda. Ka nemi mai tsire ko mai ƙosai, a kilo suke saye." A saman kwalin akwai jaridun da na adana saboda rubutuna ya fito a cikinsu. Uwargida ta juya baya kamar mai gyaran murhu, amma na ga kafaɗunta suna motsi.

Da daddare na kasa barci. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na hango tarkace a jeren matata, na manta da kwalaye goma sha ɗaya da ban buɗe rabinsu ba tun da muka tare a gidan. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda na yi wa jeren nan gurguwar fahimta. Ɗakin matar Bahaushe ya daɗe da jere. An yi zamanin ƙorai da akusa, aka zo zamanin tasa, sannan kwalla da langa da fanteka suka cika bango har rufi, daga baya tangaran da kuloli suka karɓe wurin. Mu maza mun ɗauki abin a matsayin ado da gasar mata kawai. A wajen iyayenmu mata kuwa, jere asusu ne. Macen da ba ta da gona, ba ta da ajiya a banki, tana da kwallarta a kan kabad, ranar da ciwo ko biki ya taso sai ta sauke ɗaya ta miƙa wa dillaliya, in ta samu sarari ta mayar da gurbinta. Da safe uwargida ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ta sauke kwalla biyu a shekarar da ƙanenta ya kwanta ciwo, ta biya magani ba ta roƙi kowa ba. Waɗanda na kira tarkace 'yan'uwan waɗancan biyun ne.

Akwai kuma abin da na sani tun ina makarantar allo, na yi kamar na manta. Dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Ci da sha da sutura da muhalli kuwa a wuyan miji suke. Bangon da ya yi yoyo nawa ne, gyaransa hakki ne a kaina. Amma da lissafi ya yi mini nauyi, idona bai sauka a kan janaretona ba, sai a kan abin da uwarta ta bar mata. Ina zargin ba ni kaɗai ba ne. Gidaje nawa ne aka ci sarƙar mace ko keken ɗinkinta da sunan rance, rancen da har yau ba a sa ranar biyansa ba?

Hukuncin da dillaliya ta yanke wa kabad ɗina ma abin dubawa ne ga duk uban da yake da 'ya'ya mata. Kayan ɗakin da muke ciwo bashi mu jera wa amarya a yau, gado da kujeru da kabad na garin katako, daga ranar da aka sauke su daga mota darajarsu take fara zubewa, damina biyu ko uku ta gama da su. Nauyin kayan ɗaki ya kai matsayin da ya hana aure a gidaje da yawa. Shi ya sa tun da aka fara auren gata a Kano a 2012, har zuwa na watan Oktoban 2023 da aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, gado da katifa suna cikin abin da gwamnati take ɗauke wa iyaye. Kakanninmu sun jera wa 'ya'yansu abin da za su sayar ranar wuya. Mu muna jera musu abin da za a ɗauki hoto a gabansa ranar buɗar kai.

Saura littattafai. Na ware yini biyu ina tantance su da tambaya ɗaya: in yau na gan shi a kasuwa, zan sake sa kuɗina in saya? Wasu sun tsallake nan take. Ɗan ƙaramin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, bai kai kaurin yatsa ba, amma na zauna a kan kwali na sake karance shi kafin azahar. Wasu kuwa na riƙe su ne kawai don baƙo ya gani ya ce Malam mai karatu ne. Ashe ni ma jere nake yi, bambancin kawai nawa ba ya sayuwa.

A kwali na bakwai na ci karo da wani labari mai littafi huɗu, irin waɗanda suka cika kasuwar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, ana fitar da su kashi-kashi. Na tuna yadda na yi watanni ina zarya wajen mai sayarwa ina tambayar na huɗu. Marubuciyar ta ɗaure igiyoyi da yawa: uwargida mai haƙuri, kishiya mai makirci, miji marar tsayayyen ra'ayi, uba da bashi ya yi wa katutu. Ina jiran in ga yadda mutanen nan za su warware abin da suka ƙulla da hannunsu. Da na huɗun ya fito, a shafuka biyar na ƙarshe sai mota ta kife da kishiya, wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya dawo daga Makka ya biya bashin, miji ya yi kuka aka yafe masa. Na ji kamar wanda aka gayyata walima aka sallame shi da ruwan randa. Haushin nan bai sake ni ba duk shekarun nan, na jefa littattafan huɗu cikin tarin na fitarwa.

Uwargida ta zo ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Wannan ai ƙarshensa shirme ne." Ta ce, "Ƙarshen dai. Amma ka sake duba na biyu, inda uban yarinyar ya jinginar da gonarsa saboda kayan ɗaki. Sau uku na karanta shi, kuma na san gidan da aka yi haka a layin nan." Na rasa amsa. Ni na tuna shafuka biyar da suka ɓata mini rai, ita ta tuna shafuka hamsin da suka faɗa mata gaskiya. Tsohon doki sai mai shi. Ta kai su ɗakinta ta sa a cikin wata fanteka ta rufe.

Shawarar kai sauran wa mai tsire ma ba ta yiwu ba. Da na bincika, kusan kowane littafi ya buɗe da bisimilla, jaridun kuma cike suke da ayoyi da hadisai a shafukan addini, ba zan so in ga an naɗe nama da su an yar a kwata ba. Masu amfani na raba wa ɗaliban unguwa, waɗanda gara da danshi suka cinye na ƙona su a bayan gida na binne tokar. Kwalaye goma sha ɗaya suka koma huɗu.

Kuɗin fenti daga ƙarshe a ɓangarena ya fito. Na kira 'yan gwangwan suka auna janareto da gadon ƙarfe da fanka, wani mai gyaran rediyo ya ɗauki talabijin don ya ciri kayan ciki, na cika ragowar daga albashi. Uwargida, bisa ra'ayin kanta, ta sallama wa dillaliya setin tangaran da kuloli uku, ta sayi tunkiya ta kai kiwo ƙauyensu. Ban tambaye ta nawa aka ba ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Kwalla da langa sun koma mazauninsu a ɗakin da ya sha sabon fenti, ta ce na autarmu ne in lokacinta ya yi.

Jiya da dare na aika yaro ya karɓo mini littafi na biyu daga cikin fantekar. Ta aiko da shi, tare da saƙon cewa aro ne, in na gama in mayar.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.