Ba Littattafan Soyayya Ne Suka Lalata Tarbiyya Ba

Malam, ka rubuta cewa littattafan soyayya na Kano ne suka lalata tarbiyyar 'ya'yanmu mata, har kana neman hukuma ta hana su. Ban yarda ba ko kaɗan.

Ka karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu kuwa? Labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole. Ita kanta marubuciyar an aurar da ita tana ƙarama. Abin da ta gani ta rubuta. Auren dole, sakin wulaƙanci, maigidan da ke barin iyali da yunwa ya tafi neman amarya, duk suna nan tun kafin a buga shafi ɗaya a Kano.

An ma gwada shawararka. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a makarantar 'yan mata. Wane aure wutar ta gyara? Wace bazawara ta mayar ɗakinta?

Akwai na banza a cikin littattafan. Ka kawo suna da shafi mu tattauna. Amma matan da suka gyara karatunsu da waɗannan littattafai suna cikin kulle, ka ji ta bakinsu kafin ka yanke hukunci?