Shin Hana Ɗaukar Ciki Aƙidar Kiristoci Ce?

 

'Yan uwa, makon jiya wani ɗalibina a ajin manya ya ce mini: "Malam, ai tsarin iyali makircin Kiristoci ne." Na ce masa, waɗanne Kiristocin? Sai ya yi shiru. Na san da yawanku haka kuka ji, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 manyan ɗariƙun Kirista haramta hana ɗaukar ciki suke yi. Daga cikin hujjojinsu akwai ƙissar Onan a littafin Farawa, mutumin da ya yi abin da malamanmu ke kira azalu, aka halaka shi. Sai a 1930, a taron Lambeth na Ingila, limaman Angilikan suka yi rangwame ga ma'aurata masu ƙwaƙƙwaran dalili. Kafin shekarar ta ƙare Fafaroma Pius na 11 ya mayar da raddi. A 1968 kuma Fafaroma Paul na 6 ya jaddada haramcin a wasiƙarsa Humanae Vitae, alhali mafi rinjayen kwamitin da ke ba shi shawara sassauci suka nema. A koyarwar Katolika ƙwaya, kwaroron roba da azalu duk haramun ne. Abin da aka yarje shi ne ƙaurace wa juna a kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki. Yawancin Furotesta kuwa sun halatta.

To mu fa? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa sahabbai sun kasance suna azalu a lokacin da Alƙur'ani ke sauka. Jumhur sun halatta shi da yardar matar. A 1988 Majma'ul Fiƙhil Islami, a zamansa na Kuwait, ya haramta wa hukuma ƙayyade wa mutane 'ya'ya da doka, ya haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura, amma ya halatta tazara bisa shawarar miji da mata idan babu cutarwa.

Ashe ke nan a wannan mas'ala Fafaroma ya fi malamanmu tsanani. Ni ma ina da shakku a kan wasu ƙungiyoyin waje masu ɗaukar yawanmu a matsayin annoba. Amma jingina wa Kirista abin da ba nasa ba zalunci ne, kuma Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙiyayya. Abin da ya fi damuna shi ne matar da likita ya ce ta huta, mijinta ya ƙi, wai kada ya yi koyi da Nasara.

Na ce wa ɗalibin ya zo da Sahihu Muslim ranar Asabar mu buɗe Kitabun Nikah tare.

Wallahu a'alam.