Almakashin ceto: abin da titunan Sakkwato ke bukata

Idan mota ta murƙushe a hanyar Sakkwato zuwa Gusau ko ta Tambuwal, waɗanda ke fara isa wurin mutanen ƙauye ne da direbobi, ɗauke da gatari da adda, wani lokaci a kira mai walda. Niyyarsu alheri ce, amma kowane sara yana girgiza wanda ya maƙale, kuma mai rauni a ƙashin baya motsi kaɗan kan iya gurguntar da shi har abada. Wutar walda da giranda kuwa tartsatsi suke fesawa inda fetur ya tsiyaya.

Don haka ne ma'aikatan ceto a duniya suka koma ga kayan haidirolik, waɗanda suka samo asali a Amurka daga aikin George Hurst na fito da direbobin tseren mota. Iri uku ne: almakashi mai datse ginshiƙan mota, mabuɗi mai wage ƙofa, da jak mai ture gaban mota daga ƙafafun direba. Suna aiki a hankali, ba tartsatsi, ba jijjiga.

Sai dai ba kowane almakashi ne zai yi amfani a Sakkwato ba. Ginshiƙan motocin zamani na ƙarfe ne mai taurin gaske, tsohon almakashi kan karye a kansu. Dole mai saye ya bincika ƙarfin yankansa kafin farashinsa. Masu aiki da batir sun fi sauƙin ɗauka, amma batir ba ya shiri da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, balle a garin da lantarki ba shi da tabbas. Mai injin fetur, tare da famfon hannu na ko-ta-kwana, ya fi dacewa, muddin ana kare tiyonsa daga ƙurar hunturu kuma akwai kayan gyaransa kusa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda aka ajiye su. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumar kashe gobara za su fi ceton rayuka da na'ura matsakaiciya mai haɗa yanka da buɗewa a kowace motar sintiri, a hannun ma'aikacin da ya gwada ta a jikin tsofaffin motoci. Babbar na'ura guda a hedikwata, kafin ta isa Illela, mai zubar da jini ya rasa lokacin da zai kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.