Ba mu ƙi biya ba, a ba mu rasi

Ranar Litinin ƙanena ya ari babur ɗina zai kai wa Inna magani. Ba a yi awa guda ba ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, sun riƙe babur, wai gudu nake." Na hau kabu-kabu na same su. Jami'in ya duba kartigiris, ya ga sunana, ya ce: "To, kai ne mai shi. Jika 5, ko mu wuce da shi furiyar." Na ce: "Shef, na ji. A rubuta laifin, a ba ni rasi, yanzu in biya." Ya dube ni sama da ƙasa. Can sai kuɗin suka sauko: jika 2, ba takarda.

Na ƙi. Babur ya kwana biyu a furiyar, kuma abin da na kashe kafin in fiddo shi ya fi jika 5 ɗin, sai dai da takarda a hannuna. Abokaina a fada suka yi ta dariya, wai boko ya ɓata ni, na bar arha na sayi tsada.

ƴan uwa matasa, arhar nan ita ke cin mu. Tarar da ake cinikinta kamar tumatir a kasuwa, baitulmali ba zai taɓa ganin ta ba. Kuma kada wani ya ce ina kare masu gudun banza. Wanene cikinmu bai taɓa zuwa gaisuwar yaron da babur ya kashe ba? Gudu yana kisa, kuma wanda ya yi shi ya cancanci hukunci. Amma jika 2 a tafin hannu ba ta rage gudun kowa. Abin da take koya wa yaro shi ne, in aljihunsa da nauyi, hanya tasa ce. Sannan da me aka auna gudun? Da ido? In da ido ne, yau ƙanena ne, gobe duk wanda aka ga alamar ya karɓi albashi.

Haka zancen yake wajen ajiyar babur da mota. Ƙofar kasuwa, ƙofar banki, gidan biki, har bakin asibiti, kana tsayawa yaro zai ɗora kwali a kan sirdi ya ce dala 20. Ba yaron nake zargi ba, abinci yake nema, kuma wallahi wasunsu suna tsare kayanmu da amana. Tambayata ga wanda ke bayansa ce. Filin na wa ne? Wa ya yanke kuɗin? In aka sace babur, wa zai biya? Mu ƙaddara babura 200 ke tsayawa a wuri ɗaya kullum. Sefa 20,000 ke nan a yini, 600,000 a wata. In na ma'aikatar magajin gari ne, ina tikiti mai lamba da hatimi? In na wani mutum ne, wa ya ba shi gefen titin da yake na kowa?

A Ingila ma kamfanoni masu zaman kansu suna tatsar masu mota a wuraren ajiya, kuma mutanen can suna kuka da su. Bambancin shi ne an ja musu layi. Tun 2012 doka ta hana su sa wa mota mari ko janye ta don tilasta biya. In kyamara ce ta ɗauki motar, kuma suna son kama wanda sunansa ke kan takarda, dole sanarwa ta isa gare shi cikin kwana 14. Yana da damar musantawa, in kamfanin ya ƙi saurare ya ɗaukaka ƙara gaban wata hukuma ta daban ba tare da ya biya ko sisi ba. A laifin gudu ma, ana aika wa mai mota takarda cikin kwana 14, a ba shi kwana 28 ya faɗi wanda ke tuƙi, hukunci ya hau kan direban. Ba kullum mai mota ke cin nasara ba: a 2015 kotun ƙolinsu ta ba wani kamfani gaskiya kan cajin fam 85. Amma ka ga har kotun ƙoli mutum ya je kan kuɗin ajiyar mota. Mu fa, ina za mu kai kukan jika 2?

Nijar tana da dokar hanya ta 2014, tana kuma da dokar laifuka da ke hukunta mai karɓar rashawa da mai bayarwa. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. A manna jerin laifuka da kuɗin kowanne, da Faransanci da Hausa, a kumsariya da tasha da furiyar. Kowace tara ta fito da rasi mai lamba. Kowane wurin ajiya ya kafa allo mai sunan wanda ke da izini da farashinsa. A kuma buɗe ofis ɗaya da wanda bai yarda da tara ba zai kai ƙorafi a rubuce.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawanmu ba parmi, ba asiransi, binyat ta ƙare, babur kuma har yau da sunan wanda ya sayar yake yawo. Wanda takardunsa ba su cika ba ba shi da bakin neman rasi, shi ya sa yake riga jami'i miƙa hannu. Masu ba yara babur su yi kabu-kabu, ku sani sunanku ne a takarda, ku za a nema ranar da abu ya ɓaci. In ka sayar, ka tabbatar an canza suna. In ka saya, ka mayar da shi naka.

Ran da aka tsayar da kai, kada ka yi faɗa, kada ka ɗaga murya. Ka gaida mutum, ka tambayi laifinka, ka riƙe rana da lokaci da wuri, ka nemi rasi. Wataƙila babur ɗinka ya kwana furiyar kamar nawa. Ni kaɗai na yi, shi ya sa aka yi mini dariya. Ran da mutum 50 suka nemi rasi a mahaɗa ɗaya, ba furiyar ɗin da za ta ɗauke baburansu.