Kifi ba buhun gero ba ne

Duk shekara in bazara ta kama, ƙananan tabkunanmu na kwarin Korama suka fara ƙafewa, sai mu ga samari sun kwashe ƴaƴan kifi cikin bido, sun ɗaure bayan kabu-kabu da tsakar rana, wai za su kai babban tabki. Niyyar mai kyau ce, amma wallahi sau da yawa gawa ake juyewa.

Tarwada ce ke ruɗinmu. Ita tana shaƙar iska daga sama, ko cikin laka sai ta kwana. Karfasa fa ba haka take ba: ruwa ya yi zafi, iskar cikinsa ta ragu, shi ke nan.

Don haka mu kwashe su da asuba, cikin ruwan tabkinsu, kar a cunkusa, kar a toshe bakin bido. In an isa kuma, kar a juye tashi guda. A tsoma bidon cikin sabon ruwan, a riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan kamar rabin awa, har zafin ya daidaita. Sarakunan ruwa da ma'aikatan gandun daji, don Allah ku tara samarin nan ku nuna musu tun watan Afrilu bai riske mu ba.